Katin Likitan Ido a Cikin Kwalla

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan taro na lafiyar jarirai, masu girma dagatai da masu unguwanni, malamanmu, ma'aikatan lafiya, iyayena mata na Karaye da baƙinmu na Rogo, ina gaishe ku gaisuwar ban girma. Sunana Asma'u, daga Turawa. Na gode da kuka ba ni dama, ko da yake abin da na zo da shi ba mai daɗin ji ba ne.

Da farko zan faɗi abin da ke raina. Yarinyar nan Tani da ta karanta mana jawabin maraba, duk kun tafa mata, ni ban tafa ba. Kishin mahaifiyarta Maimuna nake yi, shekara bakwai ke nan, kuma yau na gaji da ɓoye shi.

Na biyu, ga dalili. Ni da Maimuna mako guda muka haihu a wani asibiti a Kano, dukanmu bakwaini, tun Rogo ba ta fita daga Karaye ba. Kwalbar da aka sa Tani tana gefen kwalbar 'yata Sauda. Bayan mako uku aka sallame mu, malamar asibiti ta ba mu kati iri ɗaya, ta ce: "Ku dawo ranar Litinin likitan ido ya duba su. Idon bakwaini yakan lalace daga ciki, babu ja, babu kwantsa, babu kuka."

Da na isa gida, mahaifiyata Inno ta karɓi katin ta jefa a kwalla. Ta ce: "Mai jego ba ta hawa mota kafin arba'in. Ga ruwan wanka a wuta, ga kunun kanwa." Na bi umarninta. Maimuna kuwa ta katse wankan jego, ta rungumi 'yarta ta shiga motar Kano. Aka yi ta zunɗenta a Rogo, ni ma da labari ya zo mini, sai na ce ba ta da kunya. Likita ya ga ciwon a idon Tani, ya yi mata aiki. Mu kuwa arba'in ta wuce, Sauda tana shan nono tana ƙiba, muka ce ai lafiya lau. Sai da ta yi wata biyar na ga fari a ƙwayar idonta. Na ɗauko katin muka tafi Kano, likita ya dubi katin, ya dube ni, ya ce an makara.

Kati ɗaya, rana ɗaya, ciwo ɗaya. Tata tana karatu a gabanku, tawa tana gida tana laluben bango. Na yarda da ƙaddara, amma wallahi duk ranar da na ga Tani da littafi, abinci ba ya shiga cikina.

Na uku, roƙo. Ƙanwata Hajo ta haifi bakwaini, ranar ganin likitan ido da aka rubuta mata a kati jibi ce, Alhamis. Inno, ga ki can zaune, ki gafarce ni: na buɗe kwallarki da safe, ga katin a hannuna. Wanka yana jira, ido ba ya jira. Jibi ni zan riƙe jaririn a mota. Maimuna, ban taɓa roƙonki komai ba. Ki raka mu, domin ke kika san yadda ake isa ƙofar likitan nan a kan lokaci.

Allah ya raya mana 'ya'yanmu da idanunsu, ya ba Sauda haske a zuciya, ya yaye mini wannan kishi, ya mayar da kowa gida lafiya.

Na gode.