Ƙodar Alade a Ƙofar Nassarawa

Malam Isyaku maɗinki yana jiran bas a bakin Ƙofar Nassarawa, ƙafafunsa a kumbure. Kusa da shi wata ɗalibar nas tana ta tsaki a kan wata takarda.

"'Yata, takardar ce ta yi miki laifi?"

"Baba, tambaya aka ba mu a makaranta. Wai in ƙodar mutum ta lalace, mun yarda a dasa masa ta dabba?"

"In ta rago ce ai da sauƙi."

"Alade fa, Baba! Mu arba'in aka ce wanda ya yarda ya ɗaga hannu, ko ɗaya bai ɗaga ba."

"Ikon Allah. Soja sun tafi, har ƙoda ta shiga zaɓe. Akwai mai ciwon a cikinku?"

"Babu. Ai ɗan'uwa sai ya bayar."

Malam Isyaku ya yi dariya har da tari.

"'Ya'yana maza uku. Ranar da likita ya ce ina bukatar ƙoda, babban ya tuna yana da olsa. Na biyu matarsa ta hana. Autan ya daina zuwa gaishe ni."

Sai yanzu ta dubi ƙafafunsa.

"To kai za ka yarda, Baba?"

"Zan tambayi liman. In ya ce larura ce, shi ke nan. Amma tunda kin hana ni ta alade, ke ai biyu gare ki. Za ki ba ni ɗaya?"

Bas ɗin farko da ta tsaya, ɗalibar ta faɗa ciki, ko inda motar za ta ba ta tambaya ba.