Ƙanena Ya Sa An Ware Mini Kwano

Assalamu alaikum mai gabatarwa, ina gajiya, ya aiki? Ni ne Sale dillalin shanu daga Maigatari.

Shekara biyu ke nan hannuna na dama ya fara rawa, ƙafafuna suka yi nauyi. A zaurenmu kwano ɗaya maza suke ci. Ranar da na zubar da miya a rigar ƙanena Ilu, a gaban baƙi ya ce, "Yaya, gara a ware maka naka, kai da kaji ku raba." Aka yi dariya, aka kuma ware.

Na tafi asibitin Gumel. Malamin asibiti ya ce ciwon ba ya warkewa, amma in na zauna jikin zai sandare. Sai na kama tufkar igiyar rama kowace safiya, ina tsince wake daga tsakuwa, ina zagaya tsakar gida, taku ɗaya da bugun taɓaryar matata ɗaya. Wata bakwai ina yi. Hannun bai daina rawa ba, amma yanzu da kaina nake naɗa rawani, loma kuma tana isa baki.

Na koma kwanon zaure. Da damina haƙoran Ilu suka zube, nama ya gagare shi. Kullum gefensa nake zama, in ɗauke tsokar gabansa, in tauna a hankali yana kallo.

Ilu, na san kana gindin rediyon kasuwa yanzu. Masu sauraro, ku ba ni shawara: in sa a ware masa kwanon kunu, ko in bar shi ya ci gaba da kallo? Ina gaida 'yan'uwana dillalan shanu na kara.