Ana Jira In Sa Hannu a Yanke Hanjin Matata

Assalamu alaikum mai gabatarwa. Ni masunci ne a garin Wara. Matata Hajara ta daɗe tana fama da gyambon hanji, kullum zawo da jini. Yanzu tana da ciki wata biyar, bayan ɓarin da ta sha yi. Likita ya ce magani ya gaza, sai an yanke hanjin, amma cikin na iya zubewa. In an jira kuma, ranta na cikin haɗari. Innarta ta ce a yi aikin. Hajara ta ɗora hannuna kan cikinta tana kuka, ta ce, "Malam, ji yana motsi." Ni ake jira in sa hannu. Masu sauraro, don Allah me zan yi?