Yara Uku, Suna Ɗaya

GOGGO: Salamu alaikum. Injiniya, kai ne?

INJINIYA: Wa alaikumus salam. Goggo, ina kwana? Ya gida? Ya makaranta?

GOGGO: Lafiya lau. Ya aiki? Ya babanka da ƙafar tasa?

INJINIYA: Da sauƙi, jiya har masallaci ya taka. Ya ɗalibai?

GOGGO: Suna nan. Kana jina? Muryarka na yankewa.

INJINIYA: Bari in matsa bakin taga. Yanzu fa?

GOGGO: Yauwa. Shafin rajistar nan da ka yi mana, wa ke iya taɓa abin da iyaye suka cike?

INJINIYA: Ke da sakatariyarki. Lafiya dai?

GOGGO: Na san za a yi haka. Takardar sallamarta na kan teburina, hannu kawai zan sa.

INJINIYA: Sallama kuma? Shekararta takwas tare da ke fa.

GOGGO: Jiya wani yaro ɗan aji biyar ya faɗi a filin wasa, numfashi ya sarƙe. Malaminsa ya duba fayil, babu maganar asma. Uban ya rantse ya rubuta, har da sunan magani. Allah ya kiyaye, yaron ya farfaɗo. Da na buɗe shafin, yaransa uku duk sun koma autarsu, suna ɗaya, aji ɗaya.

INJINIYA: Duka ukun?

GOGGO: Duka. Na sake samun gida shida haka. Tun da na hana ta hutu take ɗaure min fuska, ni kuwa ba yarinya ba ce.

INJINIYA: Gidajen nan shida, akwai mai yaro ɗaya a ciki?

GOGGO: Mene ne haɗin?

INJINIYA: Duba min dai, Goggo.

GOGGO: Biyu, uku, biyu, huɗu... babu. Halo?

INJINIYA: Ina nan. Goggo, kar ki sa hannu. Ni ne.

GOGGO: Kai ne me?

INJINIYA: Ɓangaren uba daban yake, a ƙarƙashinsa ɓangaren yaro. Sau ɗaya na gina ɓangaren yaron, duk wanda ya danna "ƙara yaro" shi ake maimaita masa. Ya kamata kowane ya ɗauki lamba, na ɗaya, na biyu, na uku. Ban sa ba. To bayanin na biyu sai ya hau kan na ɗaya, na uku ya share su duka.

GOGGO: Hm. Kai da ita yaushe kuka yi magana?

INJINIYA: Ni da wa?

GOGGO: Kar ka raina min hankali. Ranar da ka zo koya mata shafin nan, aikin minti ashirin, awa biyu kuka yi ana dariya. Yanzu ka zo ka ɗauke mata laifi.

INJINIYA: Haba Goggo, wa zai ɗora wa kansa wannan don daɗi?

GOGGO: Ba ka ce min ka gwada komai ba?

INJINIYA: Na gwada. Da yaro ɗaya.

GOGGO: Yaro ɗaya! A makarantar nan? Gwauro dai bai yi ba.

INJINIYA: Ki gwada da kanki. Buɗe fom, ki sa sunanki, ki ƙara yara uku. Kar ki kira ta.

GOGGO: Ita dama tana waje kan benci, tun safe na karɓe makullinta. Tsaya... na sa babanka, na sa kawunka, na sa sunanka a ƙarshe. Na aika.

INJINIYA: Buɗe ki gani.

GOGGO: Ga shi yana buɗewa.

INJINIYA: Me kika gani?

GOGGO: Kai ne sau uku.

INJINIYA: Yau zan gyara. Amma abin da ya goge ya tafi, sai iyayen sun sake cikewa.

GOGGO: A gaban malamai na ce mata mai mugun ciki. Ta yi ta kuka tana cewa ba ta taɓa komai ba.

INJINIYA: Ki ba ta wayar, in ba ta haƙuri.

GOGGO: A waya? A gaban mutane aka ci mutuncinta, a gabansu za a wanke ta. Ƙarfe biyu uban yaron zai zo, malamai ma zan tara su. Ka taho da kwamfutarka.

INJINIYA: Goggo, ina da taro ƙarfe...

GOGGO: Ƙarfe biyu. Bari in je in ga ko tana nan a bencin.