Malam Me-ya-sa da Layin Abincin Yara

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Malam Liman, shugaban kamfaninmu, shugabannin makarantun da muke wa aiki, Hajiya mahaifiyar marigayi, Anti maiɗakinsa, 'ya'yansa da danginsa, iyayenmu masu aikin kicin da suka bar tukwanensu suka zo, abokan aiki, ina gaishe ku, ina kuma yi mana ta'aziyya baki ɗaya.

Ni ce ƙarama a ofishinmu, bara na gama jami'a. Da aka ce ni zan yi magana na ji tsoron kada in manta wani abu, shi ya sa na rubuto. Abin da ban gani da idona ba, zan faɗi wanda ya gaya mini.

A ofis Malam Me-ya-sa muke kiransa, kuma yana amsawa. Ya kasance mutumin da ba a gama masa bayani. Ya kasance idan ka ce abu ya lalace sai ya ce me ya sa, idan ka ce ya gyaru ma sai ya ce me ya sa. Ya kasance shugaban sashenmu, amma ban taɓa jin ya ji kunyar cewa bai sani ba.

Hajiya, bari in faɗi aikinsa a sauƙaƙe. Shi ya rubuta manhajar da ake biyan kuɗin abinci da ita a makarantu. Iyaye su zuba kuɗi tun daga gida, yaro ya ɗauki farantinsa, ya dangwala yatsa a kan wata 'yar na'ura, ta gane shi, ya wuce ya ci.

A wata makaranta sai na'urar ta riƙa ƙin gane yara. Layi ya tsaya cak, a kaɗa ƙararrawa wasu su koma aji da yunwa. Shugabar makarantar, ga ta nan zaune, ta ce in ba a gyara ba kafin ƙarshen zango mu zo mu kwashe kayanmu, kuma tana da gaskiya. Muka bincike manhajar ciki da waje. Muka canza na'urar. A ofis tana gane yatsan kowa, har na maigadi.

Sai ya ce mini, "Auta, ɗauko jakarki, yau a makaranta za mu ci."

Na zata bayan teburin raba abinci za mu tsaya mu duba na'ura. Ina! Faranti ya ɗauka ya shiga layi, da furfurarsa, a tsakiyar 'yan aji biyu. Inna mai kicin ta leƙo ta ce, "Malam, kai kuma aji nawa kake?"

Ya ce, "Aji ɗaya, Inna, maimaici nake yi."

"To mai maimaici ba ya samun ƙari."

A bakin ƙofar ɗakin cin abincin akwai famfo da sabulu. Ya tsaya zai wanke hannu, sai wata 'yar yarinya a bayansa ta ja masa riga. "Kawu, kada ka wanke! In ka wanke ba ta saninka."

Ya durƙusa daidai tsayinta. "Wa ba ta sanina?"

"Na'urar mana. Kai ba ka san komai ba?"

Ya ce, "Wallahi ban sani ba, koya mini."

Ashe jiƙaƙƙen yatsa ne na'urar ba ta iya karantawa. Yaran sun gano haka tuntuni. Masu wayo sun daina wanke hannu don su wuce da wuri. Masu jin maganar malamai su ne suke maƙalewa a layi har a kaɗa ƙararrawa.

Na ce a rataya tawul a wurin. Ya ce, "Tawul ɗaya, hannun makaranta guda? Wa zai wanke tawul ɗin?" Sai ya ce yaro ya fara dangwala yatsa a ƙofa, hannu a bushe, sannan ya wanke, in ya iso gaban Inna hotonsa na jiransa a fuskar kwamfuta, ta taɓa kawai. A baki abu ne mai sauƙi, amma sai an sake tsarin manhajar, domin da can abinci ake fara zaɓa kafin a gane yaro. Kullum yana komawa layin nan yana gwadawa. Anti, ke kika gaya mini a lokacin yana dawowa gida ya ce ya ƙoshi, har kika fara tuhumar girkinki. Ba girkinki ba ne, Inna ce ta sassauta dokar ƙari.

Muna cikin aikin ciwo ya kwantar da shi. Maganarmu ta ƙarshe ta waya ce, yana asibiti, muryarsa da ƙyar take fita. Na fara karanto masa abin da muka gama da abin da ya rage. Ya katse ni. "Auta, suna wanke hannu?"

Na ce ba mu kai ga ɗora sabon tsarin ba tukuna. Na so in ce masa e don hankalinsa ya kwanta, amma na san da na faɗa, sai ya tambaye ni yadda aka yi. Ya ce, "To in kun ɗora, ki je da kanki ki gani."

Hajiya, Anti, ƙannena, amsar da ban samu na ba shi ba, ku zan ba. Mun ɗora a makon jiya. Na je da kaina, na ɗauki faranti na bi layi. Ba zan ce kowane yaro ba, domin na ga biyu sun zille, malama ta dawo da su. Amma suna wankewa, har suna rigima a kan sabulu, kuma da aka kaɗa ƙararrawa babu wanda ya rage a layi.

Mun gode wa duk wanda ya taka ƙafarsa ya zo. Ya Allah, bawanka ya damu da cikin 'ya'yan mutane, Ka kula da nasa 'ya'yan. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka ba mahaifiyarsa da iyalinsa haƙurin rashinsa. Idan tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.