Ido Ɗaya, Gilashi Biyu

A shagon tabarau na Ƙofar Durbi, Sagiru ɗan acaɓa yana zaune yana jujjuya samfurin gilashi biyu na roba, wani dattijo a gefensa yana kallonsa.

"Samari, tun ɗazu kake juya su kamar mai zaɓen goro. Mi ya hana ka?"

"Baba, wannan ba ya fashewa ko tsakuwa ta buge shi, amma da na gwada, gefe-gefensa na ɗan yi mini dishi-dishi. Wancan kuwa fes nake gani, sai dai yana iya tarwatsewa."

"Ɗauki mai fes. Shekara ashirin ina sa shi, bai taɓa fashewa ba."

"Kai a tabarma kake karatu. Ni bayan tifa nake bi a hanyar Kambarawa. Kuma idon nan na dama kaɗai ya rage mini."

Dattijon ya gyara zama. "Da ido ɗaya kake ɗaukar mutane? Sun sani?"

Sagiru bai yi niyyar faɗa ba. Ko abokan aikinsa ba su sani ba.

"To Baba, wanne zan ɗauka?"

"In ɗana ne kai, mara fashewa, ka tsare abin da ya rage. In kuwa ni ne a bayan mashin ɗinka, mai fes nake so ka sa."

Mai shago ya kira sunansa. Sagiru ya miƙe, ya ajiye mara fashewar a kan benci.

"Ai kullum da wani a bayana, Baba."