Hotona Ba Takalmi a Haikalin Thanjavur

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki, ina gaida masu sauraro. Sunana Bukar, daga Fagge.

Bara na kammala digiri a jihar Tamil Nadu, kudancin Indiya. Kafin mu dawo, aka kai mu, mu ɗalibai, kallon babban haikalin Hindu na garin Thanjavur, wanda wani sarkin daular Chola ya gina da dutse kimanin shekara dubu da suka wuce. Dokar wurin, kowa ya cire takalmi a ƙofa, mai bauta da ɗan kallo. Na cire, aka ɗauke ni hoto.

Da na dawo, ƙanwata ta nuna wa Kawu hoton. Ya ce, “Bukar, mu nan a masallaci da gaban manya ake cire takalmi. Kai wa ka cire wa?”

Na ce a farfajiya na tsaya, ban shiga ɗakin gunkin ba, azahar ma a masallacin garin na yi ta. Ya ce, “Dutse dai ka girmama.”

Maganar ta kai makarantar da za ta ɗauke ni koyarwa a Sabon Gari, shugabanta ya ce in dakata. Na yi bayani har na gaji. Kawu ya ce in na tuba a gabansa, zai je wurin shugaban makarantar ya wanke ni.

Malam, a ba ni shawara. In amsa laifin da ban yi ba, ko in bar aikin ya wuce ni?